Matsaloli 92 daga Socorro: Yadda aka kafa wa manhajojin lissafi jarrabawa

A shekarar 1999 mujallar Optimization Methods and Software ta fitar da kundi na musamman a kan manhajojin da ke lalubo mafi kyawun zaɓi ta hanyar lissafi. Wanda ya buɗe kundin zai tarar da maƙaloli uku kusa da juna, kowacce tana tallar manhajarta: SDPT3 ta Kim-Chuan Toh da Michael Todd da Reha Tütüncü, da CSDP ta Brian Borchers, da SeDuMi ta wani matashi ɗan ƙasar Holan mai suna Jos Sturm. Can gaba kaɗan akwai wata 'yar maƙala mai shafi takwas, ita ma ta Borchers ce. Ba ta zo da sabuwar dabara ba, ba ta kuma tabbatar da wata ƙa'idar lissafi ba. Sanarwa ce kurum: ga matsaloli 92 an tara an ajiye a intanet, kowacce da sunanta da girmanta da amsar da aka sani, duk wanda ya rubuta manhaja yake ganin ta isa, ga fili ga mai doki. Sunan tarin SDPLIB, bugu na 1.2.

Borchers malamin lissafi ne a New Mexico Tech, wata ƙaramar jami'a a Amurka da ta faro a matsayin makarantar koyon haƙar ma'adinai, a garin Socorro da ke bakin kogin Rio Grande. Mutanen garin ba su kai dubu goma ba. Duk da haka an shafe fiye da shekara ashirin da wuya mutum ya karanta maƙalar da ke gabatar da sabuwar manhajar lissafin da ake kira SDP bai ci karo da sunayen da suka fito daga wannan tari ba, irin su arch0 da control10 da theta6 da maxG60 da hinf12.

Sai an san irin lissafin da ake magana a kai kafin a gane abin da ya sa jarrabawar ta zama dole. Tun bayan da George Dantzig ya fito da dabarar simplex a 1947, kamfanoni da rundunonin soja ke amfani da lissafin da ake kira LP. Kana da adadi masu yawa da ba ka sani ba, kana da sharuɗɗan da dole su cika, kana son rage asara ko ƙara riba, kuma ba a yarda ko ɗaya daga cikin adadin ya yi ƙasa da sifili ba. SDP ɗan'uwan LP ne da ya fi shi faɗi. A nan abin da ake nema jadawali ne na lambobi, tsawonsa da faɗinsa ɗaya, rabinsa na sama yana maimaita rabinsa na ƙasa, sharaɗin rashin yin ƙasa da sifili kuma yana hawa kan jadawalin ne dungurungum. A jadawali mai layi biyu da ginshiƙi biyu sharaɗin na da sauƙin faɗa. Lambar kusurwar sama ta hagu da ta kusurwar ƙasa ta dama kada su yi ƙasa da sifili, kuma idan aka ninka su da juna, abin da ya fito ya kai ko ya wuce abin da ake samu idan aka ninka lambar gefe da kanta. Mai karatu ya riƙe wannan, akwai inda zai yi mana amfani a gaba.

Injiniyoyin da ke tsara na'urori masu sarrafa kansu sun daɗe da sanin irin wannan sharaɗi, tun daga aikin Aleksandr Lyapunov na 1892 a kan abin da ke hana abu mai motsi kufcewa daga saiti. Ta wani ɓangaren, a 1979 László Lovász na ƙasar Hangari ya amsa wata tambaya da Claude Shannon ya bari tun 1956: idan kana aika saƙo da haruffa biyar, kowane harafi ana iya rikita shi da maƙwabtansa biyu, saƙo nawa za ka iya aikawa ba tare da kuskure ko ɗaya ba? Lovász ya ƙirƙiro wata lamba da ake kira theta don amsa tambayar, kuma lissafa theta aikin SDP ne tsantsa. Abin da ya rage shi ne hanyar warwarewa da kwamfuta za ta iya ɗauka. Narendra Karmarkar na Bell Labs ya buɗe ƙofa a 1984 da dabarar da ke ratsa tsakiyar filin amsoshi maimakon bin gefensa kusurwa-kusurwa. Yurii Nesterov da Arkadi Nemirovski a Mosko suka nuna, daga ƙarshen shekarun 1980, cewa dabarar ta wuce LP nesa ba kusa ba, Farid Alizadeh kuma ya isa wuri guda ta tasa hanyar a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Minnesota a 1991.

Wanda ya tayar da ƙura shi ne aikin Michel Goemans da David Williamson na 1994. A ba ka ɗigo masu yawa, wasu an haɗa su da layi, a ce ka raba ɗigon gida biyu ta yadda layukan da ke tsallakawa daga wannan gida zuwa wancan za su yi yawa iyakar iyawa. Matsala ce mai taurin kai, ba a san hanyar warware ta da sauri ba, kuma kusan shekara ashirin tabbacin da ake da shi bai wuce a samo maka wajen rabin amsa mafi kyau ba. Mutanen biyu suka nuna cewa idan aka bi ta SDP, a matsakaici ana samun aƙalla kashi 87.8 cikin ɗari. Nan take masu nazarin kwamfuta, waɗanda da ba ruwansu da lissafin injiniyoyi, suka shigo da ƙarfinsu.

Cikin 'yan shekaru manhajoji suka yi ta fitowa. A Tokyo, Katsuki Fujisawa da Masakazu Kojima da Kazuhide Nakata suka saki SDPA a 1995. A New York aka yi SDPpack. Steven Benson da Yinyu Ye da Xiong Zhang suka yi DSDP. Christoph Helmberg da Franz Rendl suka ɓullo da wata dabara dabam wadda ba ta ratsa tsakiya ma gaba ɗaya. Kowace ƙungiya ta rubuta maƙala, kowace maƙala ta zo da jadawalin da ke nuna manhajarta na da sauri. To, da sauri a kan me? Kowa da kwamfutarsa, kowa da matsalolin da ya ƙirƙira wa kansa, kowa da inda yake tsayawa ya ce ya gama. Kasuwar hatsi ce da kowane mai sayarwa ya taho da mudunsa daga gida.

Akwai kuma wata illa da ba a cika lura da ita ba a lokacin. Hanya mafi sauƙi ta samun matsalar gwaji ita ce a sa kwamfuta ta watso lambobi barkatai a cika jadawali da su. A 1997 Alizadeh da Jean-Pierre Haeberly da Michael Overton suka tabbatar da cewa kusan kowace matsalar SDP da aka tsinto da ka tana da kyawawan halayen da ke sa dabarun ratsa tsakiya su yi aiki lami lafiya. Ma'ana, wanda ya gwada manhajarsa a kan matsalolin barkatai ya zaɓar mata masu ladabi ke nan ba tare da ya sani ba. Matsalolin da ke fitowa daga teburin injiniya kuwa ba barkatai suke ba. Suna da tsari, kuma tsarin ne ke jawo rigima.

Masu LP sun riga sun sha wannan sun kuma samo magani. A 1985 David Gay na Bell Labs ya tara matsalolin LP na gaske ya ajiye a rumbun Netlib, wanda yake so ya aika saƙon imel a turo masa. Gerhard Reinelt ya yi irin wannan ga matsalar ɗan kasuwa mai zagaya garuruwa a 1991, aka kuma yi wa lissafin cikakkun lambobi nasa tarin, MIPLIB, a 1992. Sahun waɗannan Borchers ya bi.

Abin da ya fara yi, wanda a ganina ya fi tara matsalolin kansu muhimmanci, shi ne zuba su duka cikin tsarin rubutu guda. Bai ƙirƙiro nasa ba, ya ɗauki na mutanen Tokyo, na SDPA. Idan ka buɗe ɗaya daga cikin fayilolin, masu ƙarewa da dat-s, rubutu ne zalla da kowace kwamfuta ke iya karantawa. Layin farko yawan sharuɗɗa ne. Na biyu yawan ɓangarorin da jadawalin ya kasu. Na uku girman kowane ɓangare, kuma idan ka ga alamar ragi a gaban lamba, to ɓangaren ba shi da komai sai lambobin da suka ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa. Layi na huɗu jerin lambobi ne guda ɗaya. Daga nan har ƙarshe kowane layi lamba biyar ce: wane jadawali, wane ɓangare, wane layi, wane ginshiƙi, nawa ne a wurin. Duk gurbin da ba a ambata ba sifili ne, kuma rabin jadawali kawai ake rubutawa tunda ɗayan rabin maimaici ne. Ɗalibi zai iya rubuta abin da zai karanta wannan fayil a zama ɗaya. Har yau manhajojin da ba su haɗa komai da Tokyo ba suna karanta shi.

Matsalolin kansu gudummawa ce daga hannaye da yawa. Fujisawa ya ba da kaso mai tsoka, Benson ya ba da manyan matsalolin raba ɗigo, waɗanda asalin zanensu ya fito daga wata 'yar manhaja mai suna rudy da Giovanni Rinaldi na Italiya ya rubuta. Goma sha biyu, masu sunan arch da truss, na tsara ƙarafan gini ne, yadda za a sa ginshiƙai su ɗauki nauyi da ƙarfe kaɗan. Goma sha ɗaya masu sunan control da goma sha biyar masu sunan hinf sun fito daga lissafin sarrafa na'ura. Huɗu kuma, infp1 da infp2 da infd1 da infd2, da gangan aka gina su ba su da amsa, don a ga ko manhaja za ta iya cewa babu. Kusan rabin tarin kuwa matsalolin ɗigo da layi ne.

Manyan su ne suka fara ɗaukar hankali. Matsalar maxG11 tana da ɗigo 800, amsarta 629.16, kuma wannan lamba rufi ce: babu rabon da zai wuce ta, mafi kyawun rabon da aka samu a zanen 564 ne. Ita kuwa maxG60 ɗigo 7,000 gare ta. Jadawalinta na ɗauke da lambobi miliyan 49, kowace lamba tana cin bait takwas, wato megabait 392 ke nan ga jadawali ɗaya tak, alhali manhajar da ke ratsa tsakiya tana riƙe irinsa da dama a lokaci guda. Wannan ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar yawancin kwamfutocin ofis na 1999. Saboda haka cin maxG60 ya zama abin tunƙaho. DSDP ta ci gajiyar cewa yawancin gurabe sifili ne. Dabarar Helmberg da Rendl ta haƙura da cikakkiyar daidaito don ta sami gudu. A 2003 Samuel Burer da Renato Monteiro suka nuna cewa ana iya maye gurbin ƙaton jadawalin da wani siriri da ake ninkawa da kansa, suka saki manhajar SDPLR. Duka ci gaba ne na gaske. Sai dai tarin gwaji yakan ja bincike zuwa inda ya fi nauyi, kuma da yake SDPLIB ya karkata ga ɗigo da layi, nan masu dabara suka fi zuba ƙarfinsu. Dabarar da ta yi fice a kan maxG sau da yawa sai ka ga tana jan ƙafa a kan control11, wadda jadawalinta bai wuce 165 ba amma sharuɗɗanta 1,596 ne, kuma cunkushe suke.

Shekara guda bayan fitowar SDPLIB aka yi babban gwaji na fili. Cibiyar DIMACS da ke Jami'ar Rutgers a jihar New Jersey ta saba shirya gasar manhajoji tun farkon shekarun 1990, David Johnson na AT&T ne ƙashin bayanta. Gasa ta bakwai aka ware wa SDP da danginsa, aka yi taronta a watan Nuwamba na 2000. Gábor Pataki da Stefan Schmieta suka haɗa sabon tari: matsalolin tsara eriya, da na tace sigina, da na raba mitocin sadarwa, da na lambobin gyara kuskure, da wasu daga kimiyyar maganaɗisu masu ɗigo 512 da 3,375. Ɗaya daga cikin na raba mitoci, fap36, sharuɗɗanta sun haura miliyan ɗaya. Manhajar da ke ratsa tsakiya tana bukatar jadawali mai tsawo da faɗi daidai da yawan sharuɗɗa, wanda a nan ya haura terabait takwas. Ba a sa ta don a ga wa ya fi gudu ba, an sa ta ne don a tilasta wa mutane neman wata hanya.

Abin da gasar ta bari wanda ya fi daɗewa shi ne ma'aunin kuskure. Kowace matsalar SDP tagwaye ce, akwai ta asali akwai abokiyar haihuwarta, ɗaya tana matso amsa daga sama, ɗaya daga ƙasa, idan suka haɗu an gama. A kwamfuta ba sa haɗuwa cif, sai dai su kusanci juna, kuma sharuɗɗan ma ba sa cika cif. To wane kusanci ne ya isa a ce an warware? Kafin DIMACS kowace manhaja ita ke yanke wa kanta hukunci, wadda ta tsaya da wuri kuma dole ta fi sauri a jadawali. Masu gasar suka tsayar da lambobi shida: biyu na auna yadda ta asali ta cika sharuɗɗanta, biyu na abokiyarta, biyu na tazarar da ke tsakaninsu. Har gobe manhajoji irin su CSDP da SDPT3 suna iya buga waɗannan shida a ƙarshen aiki.

An kuma ɗauko alƙalin da ba shi da doki a tseren. Hans Mittelmann, Bajamushe da ke koyarwa a Jami'ar Jihar Arizona, ya karɓi manhajojin ya gwada su da kansa, aka buga sakamakon a mujallar Mathematical Programming a 2003. Bai naɗa sarki ba, don babu manhajar da ta cinye ko'ina. Daga nan shafinsa na intanet ya zama wurin da ake leƙawa kafin a zaɓi manhaja, yana sabunta gwaje-gwajen, yana cire matsalolin da suka zama wasan yara yana sa masu wuya, ciki har da manya daga lissafin sinadarai da ke neman ƙarfin da ke riƙe da ƙwayoyin zarra. Aikin na da siyasa idan kuɗi ya shiga. A ƙarshen 2018, bayan taƙaddama a kan yadda kamfanin Gurobi ya gabatar da alƙaluman gwajin a babban taron INFORMS na shekarar, IBM da FICO suka nemi a cire sakamakon manhajojinsu daga shafin, aka kuwa cire. Rigimar ta LP ce da lissafin cikakkun lambobi, inda cinikin yake. Ɓangaren SDP, wanda yawancin manhajojinsa na malaman jami'a ne, ya ci gaba da harkarsa, da MOSEK ta ƙasar Denmak a ciki, wadda ta fara warware SDP a 2013.

Tarin DIMACS, a gefe guda, a tsarin SeDuMi aka rarraba shi, abin da ke nuna inda manhajar Sturm ta kai cikin shekara biyu kacal. Sturm ya rasu a watan Disamba na 2003 yana da shekara 32. Wasu masu bincike a Jami'ar McMaster ta Kanada suka ɗauki nauyin kula da manhajar, kuma har yanzu ana amfani da ita.

Yanzu sai ƙananan, waɗanda a wurina su ne zuciyar labarin. Matsalolin hinf na farko-farko jadawalinsu 14 ne a tsawo da faɗi, sharuɗɗa 13. Mafi girmansu, hinf15, jadawalinta 37 ne. Kwamfuta na gama juya su kafin mutum ya ɗauke hannu daga madanni. Amma a duba jadawalin amsoshin da Borchers ya haɗa da tarin. An rubuta amsar theta1 da lamba bakwai, 23.00000, haka ta control1, 17.78463. Da aka zo kan hinf sai lambobin suka fara raguwa, har wasu daga cikin na ƙarshe lamba biyu kacal aka iya rubuta musu. Mai tarin ya tsaya inda manhajoji suka daina yarda da juna. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: an ci maxG60 da ƙarin ƙwaƙwalwa da sabuwar dabara, hinf kuwa ƙarin ƙwaƙwalwa ba ya yi mata komai.

Ga dalilin a ƙaramin misali. A ɗauki jadawalin nan mai layi biyu. A kusurwar sama a sa lambar da ake nema, a gefe a sa 1, a kusurwar ƙasa a sa sifili. Sharaɗi ya ce lambar sama sau ta ƙasa ta kai 1 sau 1. Komai girman lambar sama, idan aka ninka ta da sifili, sifili za a samu, sifili kuwa bai kai 1 ba. Matsalar ba ta da amsa, magana ta ƙare. To amma a ce an ɗan taɓa sifilin nan ya zama ɗaya cikin miliyan ɗari. Sai a sa miliyan ɗari a sama, a ninka, a sami 1, sharaɗi ya cika. Kwamfuta kuwa da lambobi kusan 16 take lissafi, kuma yawancin manhajoji sun yarda da kuskuren da bai wuce ɗaya cikin miliyan goma ko miliyan ɗari ba. A idon manhaja, sifili da ɗaya cikin miliyan ɗari abu guda ne. Saboda haka tana iya kallon matsalar da ba ta da amsa ta ce ta samo, ta kuma buga lambobin kuskure masu kyan gani. A LP irin wannan ba ya faruwa a ƙa'idance: ko dai akwai amsa, ko kuma akwai hujja bayyananniya cewa babu. A SDP akwai matsalolin da ke tsaye a kan iyaka, taɓawa kaɗan ta mayar da babu ta zama akwai, ko ta sa amsa ta yi tsalle. Akwai ma inda tagwayen nan ba sa haɗuwa ko a takarda.

An daɗe ana ɗaukar irin waɗannan a matsayin wasan ƙwaƙwalwa na malaman lissafi. Tarin gwajin ne ya nuna ba haka ba ne. A 2007 Robert Freund da Fernando Ordóñez da Toh suka auna matsaloli 85 na SDPLIB, suka tarar 32 daga ciki a kan irin wannan iyaka suke tsaye. Fiye da kashi ɗaya cikin uku ke nan na ma'aunin da kowa ke gwada kansa da shi. Kuma ba hinf kaɗai ba ce, har da na raba ɗigo irin su gpp da kuma masu sunan qap, waɗanda manhajoji ke bugawa amsa ba tare da ƙorafi ba. Ba laifin mai tarawa ba ne. Haka matsalolin suke fitowa daga hannun masu tsara su, domin sharaɗi ɗaya da aka rubuta yadda ya fi sauƙin fahimta yana iya matse filin amsoshi har ya rasa tsakiyar da za a ratsa. Jonathan Borwein da Henry Wolkowicz sun bayyana hanyar gyara irin wannan tun 1981, ta rage matsalar zuwa ƙaramin filin da amsoshin suke a zahiri, amma an daɗe kafin masu manhaja su waiwaye ta.

Daga nan tambayar ta sauya daga minti nawa zuwa wa zai tabbatar. A birnin Hambug na Jamus, Christian Jansson da abokan aikinsa suka yi VSDP, wadda ke karɓar amsar wata manhaja ta bi ta da lissafin da ke ƙirga kowane ɗan kuskuren kwamfuta, sannan ta ba da iyaka ta sama da ta ƙasa da babu shakka a kansu. A kan matsaloli masu ladabi iyakokin biyu na matse juna. A kan na bakin iyaka sau da yawa gefe ɗaya kawai ake iya tabbatarwa. A Japan kuma Maho Nakata ya gina SDPA-GMP, wadda ke lissafi da lambobi masu tsawon da mutum ya ga dama, ko da ɗaruruwa ne, tana tafiyar hawainiya amma ba ta rikita sifili da maƙwabcinsa. Da ita Hayato Waki da Nakata da Masakazu Muramatsu suka nuna a 2012 wani abu mai ban mamaki: a wata ƙaramar matsala, manhajojin da aka saba da su sun yi ittifaƙi a kan amsa guda, amsar kuma ta yi nesa da ta gaskiya. Ashe yardar manhajoji biyu da juna ba hujja ba ce, alhali da irin wannan yarda aka saba cika jadawalin amsoshi.

Wanda ke ganin wannan tsanani ya yi yawa ya duba tambayar ƙwallaye. Ƙwallaye nawa masu girma ɗaya za su iya taɓa ƙwallo guda ta tsakiya ba tare da sun shiga juna ba? A duniyarmu mai tsawo da faɗi da zurfi amsar 12 ce, tambayar da Isaac Newton da David Gregory suka saɓa a kanta a 1694, ba a kuma tabbatar ba sai a 1953. A sararin lissafi mai fuska biyar an san yadda za a jera 40, ba a san iyakar ba. Christine Bachoc da Frank Vallentin suka nuna a 2008 yadda SDP ke ba da rufi, sannan a 2010 Vallentin da Mittelmann, alƙalin nan na Arizona, suka sake lissafin da SDPA-GMP. Rufin ya tsaya ƙasa da 45 da kusan ɗaya cikin dubu. Tunda ba a raba ƙwallo, iyakar ta zama 44. Da amsar ta goce da ɗaya cikin dubu, da sakamakon ya rushe.

Matsaloli huɗun nan marasa amsa da ke cikin SDPLIB ba su gwada wannan rauni ba, domin rashin amsarsu a fili yake, manhajoji na gane su cikin sauƙi. Pataki, wanda ya haɗa tarin DIMACS, ya shafe shekaru yana bin diddigin matsaloli masu mugun hali, har ya nuna a 2017 cewa duk bambancinsu, idan aka juya su aka jera, siffa guda suke komawa. Da wannan sani shi da ɗalibinsa Minghui Liu, a Jami'ar North Carolina, suka gina sabon tari na matsalolin da ba su da amsa, ciki har da masu tsayawa a kan iyaka irin jadawalinmu mai layi biyu. A wannan karon ba daga bakin manhaja aka ji amsa ba, tun wurin gini aka san hukuncin kowacce, kuma mutum na iya bin hujjar da alƙalami. Sun fitar da su iri biyu, wasu a tsabtace yadda siffar ke bayyane, wasu an cakuɗa layukansu don siffar ta ɓuya ba tare da matsalar ta canza ba. Da suka gwada fitattun manhajoji a kan masu tsayawa a iyaka, musamman cakuɗaɗɗun, akasari sun kasa cewa babu amsa, kuma jadawalan matsalolin ƙanana ne, ba su kama ƙafar maxG11 ba.